Ruwan Dauɗa Na Kasuwannin Kayan Garka A Madawa, Buza Da Keita: A Yi Masa Hanya Tun Kafin Gini

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Birnin Ƙwanni zuwa Madawa tsakanin watan Maris da na Mayu ba ya bukatar a gaya masa abin da ke riƙe da wannan yanki. Buhunan albasa ne jere a bakin hanya, ga amalanke suna sauke kaya, ga manyan motoci suna jiran lodi zuwa Kumasi da Abijan da sauran biranen kudu. Ƙasarmu tana noma albasa fiye da tan miliyan 1 a shekara, kuma fiye da rabinta daga jahar Tawa take fitowa. Bayan albasa akwai tumatir da tattasai da karoti da salati da shu, watau kabeji, da dankali, waɗanda noman rani ke zubo wa kasuwa.

Da yake kaya sun yi yawa, gwamnati da ƙungiyoyin manoma da abokan hulɗa sun gina wuraren tattara su, inda ake zaɓe, a auna, a ɗura a buhu ko a kwando, sa'an nan a yi lodi. Akwai kwantuwar na albasa a Tsarnawa da Madawa da Tamaske, akwai kasuwannin sari irin na Sabon Gida da Karofan, maganar kafa masana'antar sarrafa albasa kuwa an daɗe ana yin ta. Wannan ci gaba ne, babu mai musu. Amma akwai tambaya guda da ba a cika yi ba ranar aza harsashi ko ranar buɗe wuri: ruwan da aka yi wanki da shi a nan, ina zai zuba? Amsar ta shafi rijiyar da ƴaƴanmu ke sha, ta shafi garkar maƙwabci, ta kuma shafi sunan albasarmu a ƙasashen waje. A ganinmu dokokin da ake bukata muna da su. Abin da ya rage shi ne kowace kasuwa ta san wanda ke da alhakin ruwanta, da wanda zai auna shi, da kuɗin da za a yi aikin da su, kuma a yanke wannan magana tun kafin magini ya ɗauki cokali.

Arzikin da ke zaune bisa ruwa na kusa

Sai an san yadda wannan arziki ya samu za a gane inda haɗarin yake. Kwarin Tarka, wanda ya ratsa gundumar Buza ta wajen Karofan, ya bi ta ƙasar Madawa ya faɗa Nijeriya, tsohon gulbi ne da ya daina gudu, amma a ƙarƙashin rairayinsa akwai ruwa kwance. A shekarun 1990 shirin raya kwarin Tarka, wanda ƙasashen Turai suka ba da kuɗinsa, ya yaɗa dabarar haƙa ƙananan rijiyoyin bututu da hannu, tare da injin ban ruwa. Daga nan ne garake suka yawaita, mai ƙaramin ƙarfi ma ya iya noman albasa.

A Keita kuwa, bayan farin da ya addabi ƙasa, an buɗe babban aikin raya karkara na Adar Dutsi Maggiya a shekarar 1984, da kuɗin ƙasar Italiya da taimakon hukumar FAO. Mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun da aka jera a kan tuddai. An dasa miliyoyin itatuwa, an gina madatsun ruwa da shingayen da ke rage gudun ƙorama domin ruwa ya samu ya nutse cikin ƙasa. A kwarin Maggiya, ta wajen Buza, tun shekarar 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro masu tare iska. Duk waɗannan ayyuka manufarsu ɗaya, watau a tsare ruwa da ƙasa a inda manomi zai amfana.

To, a lura da abu guda. Injin ban ruwa irin wanda ake ajewa a bakin rijiya ba ya iya zuƙo ruwan da zurfinsa ya wuce mita 7 zuwa 8. Ashe ke nan duk inda aka ji ƙarar injin a fadama, shaida ce cewa ruwa yana kusa ƙwarai. Kuma hanyar da ruwan sama ke bi ya ratsa rairayi ya cika rijiya, ita ce hanyar da ruwan dauɗa zai bi. Rairayi ba ya zaɓe. Tafki idan ya ƙazantu ana ganinsa, ana iya hana shan sa har ya ƙafe. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa babu mai ganin ranar da ya ɓaci, babu kuma mai shiga ya wanke shi, sai a yi shekaru ana jiran ya sake.

Wane ruwa ne ke fita daga kasuwar kayan garka?

Wani manomi zai ce: ai albasa ba a wanke ta, wanda ya jiƙa albasar ajiya ya kashe kuɗinsa da hannunsa. Gaskiya ne. Busasshiyar albasa iska take so, shi ya sa ake zuba ta a rudu. Amma wurin da ake tattara kaya ba albasa kaɗai ke shiga cikinsa ba, kuma ruwan dauɗarsa iri-iri ne.

Na farko shi ne ruwan wankin kaya. Karoti da dankali da salati ana wanke su domin a cire ƙasa, sau da yawa a cikin baho guda da ba a sauya ruwansa sai ya yi baƙi. Wannan ruwa yana ɗauke da laka, da ɓurɓushin takin dabbobi, da ragowar maganin ƙwarin da aka fesa a gona. Idan kwando guda ya zo da ƙwayar cuta, duk kayan da suka biyo shi cikin bahon sun samu rabonsu.

Na biyu shi ne ruwan ruɓa. Ana ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na albasar da aka ajiye yakan lalace kafin a sayar. Wadda aka tsince aka zubar a bayan kasuwa, tare da ruɓaɓɓen tumatir da ganyen shu, tana tsatsar da wani baƙin ruwa mai wari. Ruwan nan kaɗan ne a ido, amma ya fi na wankin kaya ƙarfi nesa ba kusa ba. Yana tara ƙuda, in ya shiga tafki kuma yana cinye iskar da kifi ke shaƙa.

Na uku shi ne ruwan wankin daɓe da akwatuna da motoci, wanda ke haɗe da sabulu da ruwan jabel da baƙin mai. Na huɗu shi ne na mutane. Ranar lodi ƴan dako da dillalai da direbobi da masu sayar da abinci suna wuni a wurin, kuma kowa yana da bukatar kewayawa da alwala. Idan salga ta yi kaɗan, ko aka haƙa ta da zurfin da ya kusa taɓa ruwa, to an haɗa masai da rijiya. Na biyar, wanda ya fi duka muni, shi ne ruwan ɗaurayar famfon feshi da galan-galan na maganin ƙwari, domin duk inda manoma ke taruwa nan masu sayar da magani ke kafa tebur.

Duk wannan cikin rani ne, lokacin da rana ke busar da mafi yawa. Idan damina ta sauka, ruwan farko yakan kwashe abin da ya taru wata da watanni ya kai shi ƙorama, daga ƙorama zuwa fadama ko bayan madatsa. Ranar da masana'antar yanka albasa da busar da ita ta tashi kuwa, lissafin zai sauya gaba ɗaya, domin ita dole ta ɓare, ta wanke, ta kuma wanke injuna kullum, watau ruwanta ba na baho ba ne, na tanki ne.

Abin da yake jawowa

Cutar da ta fi saurin bayyana ita ce ta ciki. A shekarar 2021 annobar amai da zawo ta kama mutum fiye da 5,000 a ƙasar nan, fiye da 150 suka riga mu gidan gaskiya, kuma jahar Tawa tana cikin waɗanda abin ya shafa. A daminar 2024, bayan ambaliya, cutar ta sake ɓulla a gundumomin Buza da Ƙwanni da Madawa. Wannan cuta ta ruwa da abinci take bi. Wurin da ɗaruruwan baƙi ke haɗuwa, ana wanke ganyen da za a ci ɗanye, ga salga kusa da rijiya, wuri ne da ya kamata a fi sa wa ido.

Akwai kuma cutar da ke tafiya a hankali. Taki da kashi da ruɓa suna sakin wani gishiri da ake kira nitirat, wanda ba shi da launi ba shi da wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a cikin lita guda ta ruwan sha, domin yana hana jinin jarirai ɗaukar iska yadda ya kamata. A nan uwaye su kula: tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire nitirat, sai ma ya ƙara masa kauri. Haka kuma ruwan jabel ba ya cire maganin ƙwari. Abin da ya riga ya shiga rijiya irin wannan, dabarar cikin gida ba ta fitar da shi.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta

Ba sai mun je nesa ba. A Kano, majemun zamani da masaƙu na Chalawa da Sharaɗa da Bompai sun yi shekaru suna sakin ruwansu cikin kogin Chalawa da rafukan Getsi da Jakara, manoma kuma suna ban ruwan latas da alayyafo da shi. An bar masana'antu sun kafu tukuna, daga baya aka zo neman yadda za a tace ruwansu, kuma gyaran ya fi rigakafin tsada ninkin ba ninkin. A Yamai ma, kwarin Gunti Yena yana kwasar dauɗar unguwanni zuwa kogin Kwara, ga garake a gefensa. A Wagadugu an buɗe tafkunan tace ruwa na Kosodo a shekarar 2004, aka ba masu garka ruwan da aka tace. Da yake an haɗa ruwan gidaje da na masana'antu, sai kanwa ta hau ƙasar garaken, amfani ya ja baya. Darasin shi ne, ruwan dauɗa iri-iri ba a gama shi wuri guda.

A ƙasashen da suka fi mu kayan aiki ma abin yana faruwa. A shekarar 2011, wani nau'in kankana da ya fito daga gidan ɗaurin kaya guda a jihar Kolorado ta Amurka ya kwantar da mutum 147, 33 suka mutu. Masu bincike sun tarar da ruwa yana kwanciya a daɓen wurin, ga injunan da ba su wankuwa da kyau. A shekarar 2020 kuma jar albasa ce ta yaɗa cutar ciki ga mutum fiye da 1,100 a Amurka da wajen 500 a Kanada, kuma ruwan ban gona aka fi zargi. Wanda ke cewa albasa ba ta ɗaukar cuta, ga amsarsa.

Ta fuskar ciniki, a tuna da abin da ya sami waken Nijeriya. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da shi saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a ciki, kuma hanin bai tambayi wane manomi ya fesa wane bai fesa ba. Albasar Galmi tana da rajistar suna a hukumar OAPI mai kare haƙƙin mallaka a ƙasashen Afirka. Suna irin wannan na kowa ne, daga mai garka a Tamaske har mai mota a Madawa, kuma kasuwa guda mai sakaci tana iya zubar da shi.

Abin da doka ta tanada

Tun ranar 24 ga Mayu 1966, doka mai lamba 66-033 ta karkasa wuraren sana'a masu haɗari ko ƙazanta ko damun maƙwabta aji-aji, ta ce ba a buɗe su sai da sanin hukuma. Dokar tsabtar jama'a ta shekarar 1993 ta hana zubar da ruwan dauɗa barkatai, ta ba duba-gari ikon bincike, kuma a shekarar 2022 aka yi sabuwar doka a kan lafiya da tsabtar jama'a. Babbar dokar muhalli mai lamba 98-56 ta ranar 29 ga Disamba 1998 ta hana zuba wa ruwa abin da zai gurɓata shi, na sama ne ko na ƙarƙashin ƙasa. Ofishin ministan kiwon lafiya ya fitar da ma'aunin abin da aka yarda a saki a fili a shekarar 2004, ya sabunta shi a 2021.

Dokar ruwa mai lamba 2010-09 ta ranar 1 ga Afrilu 2010 ta zo da ƙa'idoji biyu masu sauƙin riƙewa: wanda ya ɗebi ruwa don sana'a ya biya, wanda ya ɓata ruwa shi ma ya biya. Ta kuma tanadi a keɓe fili kewaye da wuraren ɗiban ruwan sha, inda ba a yarda a yi abin da zai ƙazanta su ba. Daga ƙarshe, doka mai lamba 2018-28 ta ranar 14 ga Mayu 2018 ta wajabta a binciki illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, ƙarƙashin kulawar ofishin ƙasa da ake kira BNEE. A shekarar 2016 kuma gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wani sashe na ikon kula da ruwa da lafiya da muhalli.

Inda gizo ke saƙa

Tun da dokoki sun kai haka, me ya hana ruwa gudu? Dalili na farko shi ne yawancin waɗannan dokoki da masana'anta a zuciya aka rubuta su, watau wuri mai bango da ƙofa da mai gida guda wanda za a iya kai wa takarda. Kasuwar sari ba haka take ba. Filin na ƙaramar hukuma ne, ginin wani shiri ne ya yi shi ya tafi, gudanarwa tana hannun kwamiti, masu wanki kuwa yau ga su gobe wasu ne. Idan duba-gari ya zo ya tarar da kwata ta toshe, kowa zai nuna masa wani.

Na biyu, binciken muhalli yana da ƙarfi ranar da ake neman izini, ya yi rauni bayan an buɗe wuri. Akan zana magudana da ramin tacewa a takarda, akan ma gina su, amma bayan damina biyu ko uku rairayi da leda sun cike su, babu kuwa layi a cikin kasafin kwamiti da aka rubuta wa yashewa.

Na uku shi ne awo. Doka ta faɗi iyaka da lambobi, lambobi kuwa sai da na'ura. Babban ɗakin binciken lafiya na ƙasa, LANSPEX, yana Yamai, kusan kilomita 500 daga Madawa, alhali ruwan da za a nemi ƙwayoyin cuta a cikinsa dole a ajiye shi cikin sanyi a kuma duba shi kafin kwana guda ya cika. Dokar da ba a iya auna ta ba ta tsorata mai laifi, ba ta kuma wanke marar laifi.

Na huɗu shi ne harshe. Dokokin nan da Faransanci suke, manomi da ɗan dako da mai wankin karoti kuwa Hausa ko Tamajak ko Fulfulde suke ji. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, babu sauran hujjar barin waɗannan ƙa'idoji cikin aljihun tebur. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci suna nan a kowane gari, su ne za su karanta wa sauran.

Aikin da ya kamata a yi

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Matakin farko shi ne zaɓen wuri. Kada a ba da filin kasuwar kayan garka ko na masana'anta a tsakiyar fadama don kawai yana kusa da garake. A nemi tudu mai ƙasa mai tauri, inda ambaliya ba ta kaiwa. Kwamitocin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa, tun daga gunduma har ƙauye, su ne ya kamata a fara tambaya, tare da ma'aikatar ruwa, wadda za ta faɗi zurfin ruwan wurin a ƙarshen damina, lokacin da ya fi tasowa sama. Ƙa'idar da masana tsabta ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin salga da rijiya, gindin ramin kuma ya fi ruwan ƙasa tsawo da mita ɗaya da rabi ko fiye. Inda ruwa ya yi kusa ƙwarai, sai a gina salga mai ɗaki na siminti bisa ƙasa, a riƙa kwashewa.

Mataki na biyu shi ne rarrabewa. Ruwan sama ya bi magudanarsa ya wuce ba tare da ya ratsa juji ba. Ruwan wankin kaya ya bi ta raga mai tare ganye, ya faɗa kwarmin da laka za ta kwanta, daga nan ya shiga tafkuna biyu ko uku a jere waɗanda aka daɓe gindinsu da yumɓu ko siminti. A nan zafin ƙasarmu abokin aiki ne, domin rana da iska suna kashe mafi yawan ƙwayoyin cuta idan ruwa ya yi kamar kwana 20 yana wucewa daga wannan tafki zuwa wancan. A kewaye su da shinge saboda yara da dabbobi, a riƙa nome bakinsu saboda sauro. Ruwan da ya fito, a ƙasar da damina ba ta cika wuce milimita 300 zuwa 500 ba, dukiya ne. A shayar da itatuwan inuwa da na shinge da shi. Ba a kai shi ga salati ko wani abin da ake ci ɗanye sai awo ya nuna ya cika sharuɗɗan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ruɓaɓɓen kaya a tara shi bisa daɓen siminti mai rufi, a gauraya da kara da toka da takin dabbobi, a riƙa juyawa har ya yi zafi ya nuna sosai. Wanda ya mayar da ɗanyar ruɓa gonar albasa ya mayar da cutar saiwa da hannunsa. Maganin ƙwari kuwa ba shi da wuri a cikin wannan tsari ko kaɗan. Galan ɗin da ya ƙare a ɗauraye shi sau uku, a juye ɗaurayar cikin famfon feshi ta koma gona, sa'an nan a huda galan ɗin domin kada wani ya zuba ruwan sha ko mai a ciki. Masu sayar da magani a ware musu rumfa nesa da wurin wanki, kuma kada a bar kowa ya kasa sai wanda kwamitin ƙasashen Sahel na CILSS ya amince da shi.

Mataki na uku shi ne suna da kuɗi. A cikin yarjejeniyar da ƙaramar hukuma ke sa wa hannu da kwamitin kasuwa, a rubuta mutum guda mai alhakin ruwa, a rubuta ranakun yashe magudana, ɗaya kafin damina ɗaya bayanta. A ware wani kaso sananne daga kuɗin da ake karɓa bisa kowane buhu, a buɗe masa littafi dabam wanda kowane ɗan ƙungiya zai iya dubawa. Ƙungiyar masu sana'ar albasa ta ƙasa, ANFO, tana da rassa da murya a wannan yanki, ita ta fi cancanta ta ja gaba. Ma'aikatar ruwa da ta lafiya a kowace gunduma a ba su ƙananan kayan awo na hannu, su auna rijiyoyin da ke kewaye da wurin tun kafin a buɗe shi domin a san yadda suke, sa'an nan su maimaita sau biyu a shekara. A manna sakamakon a ƙofar kasuwa da Hausa, a karanta shi a rediyon gari. Ɗaliban jami'o'in Tawa da Maraɗi suna iya taimakawa da wannan awo. Masana'anta kuwa, wadda ke da mai gida guda da jari, kada a ba ta izinin fara aiki sai an ga wurin tace ruwanta yana aiki da ido.

Kukan manoma

Akwai masu cewa wannan wata hanya ce ta ƙirƙiro sabon haraji. Kukansu abin saurare ne. Manomin albasa yana sayar da buhu da arha lokacin girbi saboda bashin taki da na mai, ga kuɗin hanya da ke cin ribar ɗan kasuwa. Idan aka ɗora masa wani nauyi ba tare da ya ga aiki ba, zai kwashe kayansa ya koma yin ciniki a bakin garka, inda babu magudana babu mai dubawa, watau an gudu ba a tsira ba. Saboda haka ba sabon kuɗi muke kira a aza ba. A cikin wanda ake karɓa yanzu za a yanki rabon tsabta, a kuma nuna inda ya tafi. Tara ta zo a ƙarshe, bayan an yi bayani an ba da wa'adi, kuma ta fi nauyi a kan mai tanki fiye da mai baho.

Akwai kuma masu cewa ruwan kaɗan ne, ƙasa za ta shanye. Lalle za ta shanye, abin tsoron ke nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yau da wuraren ba su da yawa, gyaran bai wuce kwarmi da tafki da littafin lissafi ba. Idan aka jira sai rijiyoyin gari sun ɓaci, sai an haƙa rijiya mai zurfi an ja famfo daga nesa, kuma mata da ƴan mata ne za su biya da ƙafafunsu kafin a gama.

Muna kira ga shugabannin gundumomin Madawa da Buza da Keita, da masu riƙe da ƙananan hukumomi, da sarakuna da hakimai da limamai, su sa wannan magana cikin zaman da za su yi kafin buɗe kasuwar albasa mai zuwa. Kowace kasuwa ta fito da amsa a rubuce: ga inda ruwanmu ke zuba, ga mai kula da shi, ga ranar da aka auna rijiyar maƙwabta. Iyayenmu mata da suka ɗauki duwatsu a ka a tuddan Keita sun tara wannan ruwa da guminsu, haƙƙinsu ne a kanmu mu miƙa shi ga na baya yana shawuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai kyau, ya kare mu daga annoba.